Kofin da Na Mayar wa Ishaya

A wannan babin zan janye wata magana da na daɗe ina gaya muku, ku 'ya'yana biyu, Ishaya da Talatu. Tun kuna ƙanana, duk wanda ya tambaye ni sana'ar kakarku sai in ce hatsi take sayarwa. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don dawa ba ta taɓa yankewa a ɗakinta ba, sai dai ba a mudu take fita ba. Inna Kande burkutu take dafawa, kuma a duk ƙauyukan da ke cin kasuwarmu a bayan Kafanchan babu tukunyar da ake bi kamar tata. Ishaya ya ji wannan daga bakina shekara huɗu da suka wuce, Talatu kuma ta ji a bakinsa, guntu-guntu, ta waya. Ina so ya zauna a rubuce yadda ya faru, saboda jikokina, kada su ma a shayar da su labarin hatsi.

Aikin kwana bakwai ne. A jiƙa jar dawa, a shimfiɗa ta a rufe da ganye har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace. Sannan a zuba masa gindin tukunyar makon jiya, wanda Inna ke kira uwar giya, don ita ce ke tayar da sabon. Hayaƙin murhu ya kashe wa Inna hanci tun ina 'yar shekara tara, saboda haka ni na zama harshenta. Ranar kasuwa da safe takan ɗebo a ludayi ta miƙo min.

"Kada ki haɗiye," takan ce. "Juya shi a baki ki jira. Abin da ya zo da farko kowa ma yana ji. Ni na bayan nake tambaya."

In na ce da saura, sai ta mayar da faifai ta rufe, ko da mutane sun cika ƙofar gida. In na gyaɗa kai, ba ta murmushi, ba ta yabon kanta, ba ta yabona. Kalma uku ce kawai take fita daga bakinta: "To, kira mutane." Ni kuwa in ruga bakin hanya kamar an ba ni sarauta.

Akwai kuma abin da babu mai tsallakewa a wajenmu. Mai giya ba ta miƙa wa mutum ƙwarya sai ta fara kurɓa a gabansa, ta goge bakin ƙwaryar da babban yatsa, sannan ta ba shi da hannu biyu. Asalinsa tsoron sammu ne, amma zuwa zamaninmu ya zama ladabi kawai, wato ga abin da na dafa, na yarda da shi a cikina kafin ya shiga naka. In ta manta, baƙo ba ya magana. Yakan sa yatsu biyu ya tura mata ƙwaryar a hankali, ta gane, ta kurɓa, a yi dariya. Na ga wannan turawa sau ba adadi kafin in iya rubuta sunana.

Da na shiga makarantar mishan, a nan na koyi cewa tufafina suna wari. 'Yan ajinmu suka sa min suna 'Yar Tsami. Na yi baftisma, na koyi waƙoƙi, na koyi jin kunyar gidanmu, kuma wannan na ukun na fi ƙwarewa a kai. Hutun da na zo ina shekara goma sha shida, Inna ta ɗebo a ƙaramar ƙwarya, ta kurɓa, ta goge, ta miƙo min kamar kullum. Na sa yatsu biyu na tura mata. Ta duba ƙwaryar, ta ɗauka ko ta manta ne, ta sake kurɓa ta miƙo. Na sake turawa. A nan ta gane. Ta shanye abinta, ta kife ƙwaryar a kan randa. Ba ta ƙara miƙo min ba har ta koma ga Ubangiji, ina nan Landan ina aikin jinya, kuma ban samu zuwa jana'iza ba. Tukunyar nan ce ta kai ni makarantar da ta koya min raina ta. Wannan na san shi tun lokacin, na dai iya rufe shi ne.

Ishaya yana da shekara bakwai muka zo ƙasar nan, Talatu tana goye. Ya karanta harhaɗa magunguna, ya samu aiki a wani kantin magani a Marylebone, da farar riga da sunansa a ƙirji. Babu matar da ban gaya wa ba a coci. Bayan rasuwar babanku da shekara biyu, ya zo gida ran wata Asabar, ya ci tuwo ya ƙoshi, sannan ya ce ya yi resigning, ya ajiye aikin, zai buɗe wurin yin giya a Deptford shi da matarsa Orla, 'yar ƙasar Ireland. A lokacin ni ce uwar zumuntar mata a cocinmu, shekara goma sha ɗaya ina riƙe da ita, kuma a cocinmu ko ƙamshin giya ba a yarda shugaba ta kusanta ba. Na ce masa ya zubar da mutuncin babansa. Na sa aka shigar da sunansa cikin waɗanda muke yi wa addu'a ran Laraba, tsakanin wani yaro da ke kurkuku da wata da ta gudu daga gidan miji. Gaskiyar magana, ba zunubin ne ya fi tsorata ni ba. Gani na yi abin da na binne a bayan Kafanchan ya biyo ni har bakin kogin Thames, ya tsiro a cikin ɗana.

Shekara biyu muna gaisuwar sama-sama. Sai a wani watan Oktoba ya kira ni.

"Mama, ran Asabar muna buɗe ƙofa ga jama'a. Na yi wata sabuwa, ja, irin ta mutanen su Orla. Ba sai kin sha ba. Ki zo ki ga inda nake aiki, shi ke nan."

Na ce zan duba. Kuskuren da na yi shi ne na gaya wa Mama Hannatu, mataimakiyata a zumunta, mace mai kirki wadda ba ta iya ganin mutum zai shiga jarraba shi kaɗai. Ta ce ƙafarta ƙafata. Muka hau jirgi, ta riƙe Littafi Mai Tsarki a cinya tun daga tasharmu har Deptford kamar za mu duba marar lafiya.

Wurin yana cikin rumfunan bulo da ke ƙarƙashin layin dogo, bayan kasuwar da nake sayen daddawa da busasshen kifi. Na sha wucewa ta gefen ina kawar da kai. Muna shiga ƙamshin ya tare ni, ƙamshin hatsin da ya tsira aka dafa. Tukwanen na ƙarfe ne, dogaye, suna sheƙi, babu murhu babu hayaƙi, amma hancina bai ga bambanci ba. Ishaya ya fito da takalmin roba, ya durƙusa ya gaishe mu yadda aka koya masa, Turawa na kallo. Ya zaga da mu, yana bayani da rabin Hausa rabin Turanci, ina gyaɗa kai kamar baƙuwa, alhali kafin ya faɗi mataki na gaba na riga na san shi. Daga ƙarshe ya je famfo ya tsiyayo rabin kofi. Ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa, launinsa ja mai duhu kamar ruwan jar dawa, da kumfa fara-fara a sama. Ya ajiye a gabana a kan katako.

"Ko shinshinawa ki yi, Mama."

Har yau ban san ko da zan sha ba. Abin da na sani, hannuna ya riga ni. Mai giya ya ajiye min kofi bai kurɓa ba, sai yatsuna biyu suka tura masa a hankali, ina jiran ya gane mu yi dariya. Ina Ishaya zai gane? Wa ya taɓa gaya masa? Ya dubi kofin, ya dube ni. Na ga fuskarsa ta rufe kamar ta babansa in an ɓata masa rai. Ya ɗauki kofin ya juye a magudana, ya ɗauraye, ya kife.

"Ba komai," ya ce. "Na gode da zuwa."

Kalma goma sun isa su gyara abin. In ce, ɗana, a gidanmu mai giya ke fara kurɓa. Amma sai a tambaye ni wane gida, ga Mama Hannatu a kafaɗata tana cewa "Yauwa, yauwa" ƙasa-ƙasa. Muka fito, na sayi kuɓewar da ba na bukata don in sami abin riƙewa.

Ran Laraba Mama Hannatu ta miƙe ta ba da shaida a kaina. Ta ce da idonta ta ga uwa ta zaɓi Ubangiji a kan ɗan cikinta, ta kwatanta yadda na tura kofin, har da yatsun. Mata suka yi guɗa, aka buga tulun kiɗan zumunta, aka yi min waƙa. Na zauna a kujerar gaba cikin zanen zumunta ina karɓar yabon abin da ban yi ba. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Sau ɗaya a rayuwata na tura ƙwarya da nufin ƙi, babu wanda ya gani sai Inna. Sau ɗaya na tura da nufin karɓa, shi ne aka yi wa guɗa.

Kirsimeti ta zo, Ishaya ya aiko Orla da yara, shi ya ce aiki ya riƙe shi. Talatu, ke ce kika tsaya a kicin kina wanke kwanuka, kika faɗa min da Turancinki ba ki ko juyo ba, cewa yayanki ya ce da ma zaginsa na yi da ya fi masa sauƙi. Ya ce yadda na tura kofin da kan yatsu, kamar kada ƙazanta ta taɓa ni, shi ne ba ya fita daga idonsa. Na san wannan ciwon, don na taɓa ganinsa a fuskar Inna. Bambancin kawai, ita ta tafi da nata, shi kuwa yana nan, tasha biyar tsakaninmu.

Sai da na kai watan Fabrairu ina kai-kawo da zuciyata. Wata Talata da safe na sa rigar sanyi na tafi ni kaɗai, ban kira ba. Na same shi yana wanke ƙasa da tiyo. Ya kashe ruwan ya gaishe ni, gaisuwar da ake yi wa maƙwabciya.

"Zubo min jar nan," na ce.

"Mama, in addu'a kuka zo yi, ina da delivery, zan kai kaya ƙarfe goma sha ɗaya."

"Ni kaɗai ce. Zubo."

Ya zubo daga wata sabuwar tukunya, ya ajiye da ɗan ƙarfi. Na sa yatsu biyu na tura masa. Kafin ya juya na kama hannun rigarsa.

"Kurɓa tukuna. A gidanmu ba a karɓar giya a hannun mai ita sai ya fara sha."

"Wane gidan?"

"Gidan uwata. Kurɓa, ka goge bakin da yatsa, ka ba ni da hannu biyu. Abin da nake jira ke nan ran nan."

Ya tsaya yana kallona kamar na fara wani yare. Sannan ya kurɓa, ya goge da gefen hannu, ba daidai ba amma na karɓa. Shekara hamsin da wani abu rabon da in sa irin wannan a baki. Na fara kai shi hanci. Akwai ƙamshin gasasshen hatsi, irin na ƙanzon tuwo in bai ƙone ba, da wani zaƙi-zaƙi kamar alewa a wuta. Na kurɓa na riƙe. Zaƙin ya zo da farko, mai laushi, sai ɗan ƙauri na sha'ir ɗin da suka gasa don ya ba ta jan launi, sai ɗaci kaɗan a can baya, wanda bai kai na goro ba. Giya ce mai kunya, ba ta ihu kamar burkutu. Na jira na bayan, yadda aka koya min. Sai ga shi ya zo: wani santsi a kan harshe, da ƙamshin man shanu da ya kwanta a dasashi ya ƙi tafiya. Na nemi magudana na tofar.

Zan iya cewa ta yi daɗi. Ɗana ne, wata huɗu bai taka gidana ba, kuma ga idonsa a kan bakina. Amma na gaji da gaya masa abin da ba shi ba ne.

"Hannunka yana da kyau," na ce. "Gashin ya yi, launin ya yi. Amma ba ta isa ba. Ka raba ta da uwarta da wuri."

"Uwarta?"

"Abin da ke kwanciya a gindi. Ba ta gama aikinta ba ka ɗauke. Akwai man shanu a ƙarshe. Da kwana uku ko huɗu ka ƙara mata, da ta shanye shi."

Ya karɓi kofin ya kurɓa, ya juya, ya sake kurɓa. Ya faɗi wata doguwar kalmar Turanci wadda ita ce sunan abin a wajensu. Ashe gidajen giya uku sun yi booking ɗinta don bikin mutanen Ireland na watan Maris, shi ya sa ya gaggauta ta da kwana huɗu, yana ce wa kansa babu mai ji. Ya zauna a kan wani buhun sha'ir.

"Mama, a ina kika san wannan?"

Na zauna a buhun da ke kusa, na gaya masa duka: ludayi, faifai, 'Yar Tsami, ƙwaryar da aka kife a kan randa. Jirgi yana wucewa a kanmu bulo na rawa, in dakata, in ci gaba. Na zaci zai yi murna. Bai yi ba.

"Kin bar ni ina ganin ni na kawo abin kunya gidan nan," ya ce. "Shekara biyu ana karanta sunana a coci. Ashe gado na ci. Kuma matar nan tana da rai har na kai shekara ashirin. Da na tambaye ta abubuwa."

Wannan asarar ni na jawo muku ita, babu babin da zai mayar. Na ce ya yafe min. Ya ce zai yi ƙoƙari, kuma na fi son wannan amsar da a ce ya yi min ƙarya. Ya raka ni har tasha.

"Wannan ɗin ba za ta fita ba," ya ce. "Zan kira su in ce an yi cancel."

Washegari Laraba ce. Da aka zo karanta sunaye na ɗaga hannu na ce a cire na Ishaya. Na gaya musu ma'anar yatsun da suka yi wa guɗa, na gaya musu jiya na sa giya a bakina da gangan kuma zan sake in ɗana ya nema, na faɗi sunan uwata da sana'arta a cikin ɗakin sujada. Babu wanda ya kore ni. Doka ce na sani tun kafin in karɓi kujerar, ni ma na sha tuna wa wasu ita, saboda haka na miƙa wa Mama Hannatu mabuɗin akwatin kayan kiɗan zumunta da kaina. Ta karɓa tana hawaye. Har yau muna gaisawa ran Lahadi, tana tambayar ƙafata ina tambayar jikokinta, amma ba ta ƙara hawa benen gidana ba, kuma mun yi shekara ashirin muna cin tuwo a kwano ɗaya. Ina kewarta, ba zan ɓoye ba. Wata tsohuwa kuwa 'yar wajen Pankshin, wadda ba ta cika magana ba, ta tsaya kusa da ni wajen ɗaukar riguna ta ce ƙasa-ƙasa, "Tawa uwar ma," ta wuce.

Bikin Maris ya wuce babu jar giyar Ishaya, ɗaya daga cikin gidajen giyan kuma bai sake nemansa ba. Bai kira ni ba, ni ma ban matsa ba. Sai bayan Ista, wata Alhamis da hantsi, waya ta yi ƙara.

"Mama, in kina da lokaci, ina bukatar harshe."

Na same shi shi da Orla a tsaye bakin tukunya kamar masu jiran likita. Orla ta kawo min kujera. Ishaya ya tsiyayo rabin kofi, ya ɗaga shi ga haske, ya kurɓa. Sannan ya goge bakin kofin da babban yatsa, sau ɗaya, daga hagu zuwa dama, ya miƙo da hannu biyu. Ban nuna masa wannan ba. Yatsan ma irin na Inna ne, gajere mai faɗin farce, na yi shekara arba'in ina ganinsa ban lura ba. Sai da na ɗan jira idona ya washe kafin in karɓa.

Ƙanzon yana nan, alewar tana nan, ɗacin ya zo a lokacinsa ya gaishe ni ya wuce. Na jira na bayan. Na jira har Orla ta fara murza zobenta. Babu santsi, babu man shanu, bakina ya bushe tsaf yana neman wata kurɓar. Wannan karon ban nemi magudana ba.

"Yaya?" in ji Ishaya. "Mama, ki ce wani abu mana."

Na ajiye kofin a kan katako. A gidanmu ba a yabo.

"To," na ce, "kira mutane."